Gyambon Baƙin Ido da Bijirewar Ƙwayoyin Cuta ga Magani: Bayani da Tsokaci a Kan Kalmomi

1.0 Gabatarwa

A Hausar yau da kullum kusan duk wata damuwa da ta sami ido sunanta ɗaya ne, watau "ciwon ido". Wanda ƙura ta shiga wa ido yana ciwon ido, wanda ya kamu da afolo yana ciwon ido, haka nan manomin da ganyen dawa ya karce wa ido har wurin ya ruɓe, shi ma ciwon ido aka ce yana yi. Biyun farko galibi sukan warke cikin 'yan kwanaki ko da ba a ɗiga musu kome ba. Na ukun kuwa yana iya rasa idon ɗungum kafin mako ya zagayo.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu shi ne wata tafinta da aka taɓa nema in yi, a garin da nake aiki a kudancin ƙasar nan, tsakanin wata likitar ido da wani Bahaushe mai fataucin albasa. Wani abu ne ya faɗa masa a ido wajen sauke buhuna, ya yi kusan mako 3 yana ɗiga magunguna daga kemis, kwalba bayan kwalba, ido yana ƙara lalacewa. Da likita ta tambaye shi me yake gani ya hana shi warkewa, sai ya ce, "Jikina ne ya saba da maganin." Na fassara mata yadda ya faɗa. Sakamakon gwaji kuwa ya nuna cewa fumfuna ce ta kama idon, kuma babu ko ɗaya daga cikin magungunan da ya saya da ke taɓa fumfuna. An ceto ƙwayar idon, amma gani bai dawo ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda gyambon baƙin ido yake samuwa, da yadda likitoci suke maganinsa, da kuma abin da ake nufi idan aka ce ƙwayoyin cuta sun bijire wa magani. Daga nan za ta nuna cewa jimlar "magani bai yi ba" tana ɗauke da dalilai uku mabambanta, waɗanda idan harshe ya kasa rarrabe su, majinyaci ne zai biya da idonsa.

2.0 Tantanin Baƙin Ido da Aikinsa

Abin da Bahaushe yake kira baƙin ido ba abu ɗaya ba ne. Launin da ake hangowa yana can ciki, a gabansa kuma akwai wani tantani garai-garai, mai ɗan tudu kamar gilashin agogon hannu, wanda likitoci suke kira koniya. A wannan maƙala za a kira shi tantanin baƙin ido. Faɗinsa bai wuce milimita 11 zuwa 12 ba, kaurinsa a tsakiya kuwa kimanin rabin milimita ne. Duk da wannan ƙanƙanta, shi ne yake yin kusan kashi 2 bisa 3 na aikin tattara haske domin hoto ya fito sarai a cikin ido.

Wannan tantani ba shi da jijiyoyin jini ko kaɗan, kuma rashinsu ne ya sa haske yake ratsa shi. Amma rashin nasu yana da nasa aibi, domin kuwa jini ne yake kai dakarun garkuwar jiki inda cuta ta shiga, kuma shi ne yake kai maganin da aka sha ko aka yi allurarsa. Saboda haka tantanin ya dogara ne a kan ƙiftawar ido, da hawaye, da kuma wata siririyar shimfiɗa da ta lulluɓe shi daga waje. A cikin hawaye akwai wani sinadari mai narkar da bangon wasu bakteriya, wanda Alexander Fleming ya bayyana a 1922, shekara 6 kafin ya gano fenisilin. Muddin shimfiɗar waje tana nan lafiya, ƙwayoyin cuta ƙalilan ne suke iya kutsawa. Idan ta karce, ƙofa ta buɗe ke nan.

Wani abin lura kuma shi ne, shimfiɗar waje takan tofo ta rufe kanta cikin kwana 1 zuwa 3 ba tare da tabo ba. Amma idan ɓarna ta kai ga jikin tantanin na ciki, to da tabo yake warkewa, kuma tabon fari ne wanda haske ba ya ratsawa. Wannan tabo shi ne Hausawa suka sani da sunan hakiya.

3.0 Masu Haddasa Gyambo

Halittu iri huɗu ne suke haddasa gyambon baƙin ido, kuma kowane iri da nasa magani.

Na farko su ne bakteriya. Fitattu daga cikinsu su ne Sitafilokokas, wadda take zaune a fatar mutum da cikin hancinsa, da Numokokas, wadda aka fi sani da ciwon huhu, da kuma Sudomonas, mai son ruwa da danshi. Ta ƙarshen ita ce mafi gaggawa, domin tana iya huda tantanin cikin kwana 2 ko 3.

Na biyu ita ce fumfuna, dangin wadda take fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu ko masarar da ta jiƙe a rumbu. Irin Fusariyum da Asfajilus suna nan a ƙasa da jikin tsirrai, shi ya sa rauni daga ganyen dawa, ko ƙaiƙayin gero da shinkafa, ko reshen itace, yake da hatsari na musamman. Gyambon fumfuna yana tafiya a hankali, abin da yake yaudarar majinyaci ya yi jinkiri.

Na uku shi ne bairus, musamman wanda yake fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, wanda yakan kwanta a jijiya ya riƙa dawowa. Na huɗu kuma wata amiba ce mai suna Akantamiba, da ake samu a ruwa da ƙasa.

Yawan kowane iri ya danganta da wuri da kuma sana'ar mutane. A Turai da Amurka babbar hanyar kamuwa ita ce ɗan gilashin da ake liƙawa a kan ido a madadin tabarau, kuma bakteriya ce ta fi yawa. A ƙasashe masu zafi inda noma ya rinjaya, rauni a gona ne kan gaba. Wani bincike da aka buga a 2002, wanda ya kwatanta Gana da kudancin Indiya, ya sami fumfuna a cikin fiye da kashi 1 bisa 3 na masu gyambon a ƙasashen biyu. Wani ƙiyasi na 2021 ya nuna cewa fiye da mutum miliyan 1 ne suke kamuwa da gyambon fumfuna a duniya kowace shekara, mafi yawansu a Asiya da Afirka. A nan gida Nijeriya, binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya sami makanta a kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama, kuma tabon tantanin baƙin ido, daga dukkan musabbabansa, ya ɗauki kimanin kashi 8 cikin 100 na wannan makanta. Wannan lissafi bai haɗa da ɗimbin waɗanda ido ɗaya kaɗai suka rasa ba, alhali kuwa gyambo ido ɗaya ya fi kamawa.

Alamomin sun yi kama da juna a dukkan nau'o'in huɗu: ido ya yi ja, ga zafi mai tsanani, ga hawaye da ƙin haske, gani ya ragu, sa'an nan wani farin ɗigo ya bayyana a kan baƙin ido. Idan abin ya yi nisa, mugunya takan kwanta a ƙasan baƙin idon daga ciki kamar nono a gindin ƙwarya. Ko ƙwararren likita ba kullum yake iya rarrabe bakteriya da fumfuna da kallo kawai ba, balle mai kemis.

4.0 Yadda Ake Magani

Matakin farko a asibitin ido shi ne a ɗiga wani rini mai launin ɗorawa wanda yake kama inda shimfiɗar waje ta salube, ya nuna girman gyambon a ƙarƙashin shuɗin haske. Daga nan sai a kashe zafin idon, a kankaro ɗan abu daga bakin gyambon. Kashi ɗaya a duba shi a madubin ƙara girma, inda zaren fumfuna yakan fito fili cikin mintoci, kashi ɗaya kuma a rene shi a ɗakin gwaji na wasu kwanaki domin a san ainihin ƙwayar cutar da kuma magungunan da suke kashe ta.

Da yake ba a iya jiran sakamakon reno, likita yakan fara magani nan take. Idan alamu sun nuna bakteriya ce, kuma gyambon ƙarami ne, akan ba da magani ɗaya daga dangin fuluorokwinolon, irin su sifurofuloksasin, da ofuloksasin, da moksifuloksasin. Idan babba ne ko yana tsakiyar ido, akan haɗa magunguna biyu da aka ƙara wa ƙarfi, misali sefuroksim da jentamaisin. Abin da yake ba majinyata mamaki shi ne yawan ɗigawar: kowace awa ɗaya, dare da rana, a kwana biyun farko. Dalili kuwa shi ne ido ba ya riƙe fiye da ɗigo ɗaya, kuma hawaye yakan wanke shi cikin 'yan mintoci, ɗan kaɗan ne yake shiga tantanin. Ke nan ɗigo 5 a lokaci ɗaya asara ce kawai. Yawan maimaitawa ne yake aiki.

Idan fumfuna ce, maganin farko shi ne natamaisin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, wanda aka samo daga wata bakteriyar ƙasa a lardin Natal na Afirka ta Kudu a 1955. Wani gwaji da aka yi a kudancin Indiya a kan mutum 323, aka buga a 2013, ya nuna cewa ya fi sabon maganin borikonazol, musamman a kan Fusariyum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2017, amma har yanzu samunsa yana da wuya a sassa da dama na Afirka. Jinyar fumfuna takan ɗauki makonni. Shi kuwa bairus maganinsa asaikulobir ne, amiba kuma akan yi mata amfani da magungunan tsabtacewa irin su kuloheksidin na tsawon watanni.

Akwai wani rukunin magani da ya cancanci a keɓe shi, watau sitiroyid. Ba ya kashe ƙwayar cuta, kumburi da ja kawai yake kwantarwa ta hanyar danne garkuwar jiki. Wasu daga cikin magungunan ɗigawa da ake sayarwa a kemis a matsayin masu "saurin aiki" haɗin maganin bakteriya ne da sitiroyid. Ido yakan yi fari, zafi ya lafa, majinyaci ya ɗauka ya sami sauƙi, alhali fumfuna ko bairus suna can suna nutsawa. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Ko a gyambon bakteriya, wani babban gwaji na mutum 500 da asibitin ido na Aravind a Madurai ya yi tare da wata cibiya ta Jami'ar Kalifoniya, aka buga a 2012, bai sami wani bambanci na gaba ɗaya a gani ba bayan wata 3 tsakanin waɗanda aka ƙara wa sitiroyid da waɗanda ba a ƙara wa ba. Saboda haka hukuncin amfani da shi na likitan ido ne shi kaɗai.

Idan magani ya kasa, tantani ya huje ko ya kusa, sai aikin tiyata: a liƙe hujin, ko a yi dashen tantanin da wani mamaci ya bayar, ko kuma, idan babu makawa, a cire idon. An fara cin nasarar dashen tun 1905, amma ƙarancin masu bayarwa ya sa har yau ba kowa yake samu ba a ƙasashenmu.

5.0 Bijirewar Bakteriya

Tarihin maganin bakteriya yana da alaƙa ta kusa da ido. Daga cikin mutanen farko da aka rubuta cewa fenisilin ya warkar akwai jarirai masu ciwon ido a Sheffield ta Ingila, waɗanda likita Cecil Paine ya yi wa magani a 1930 da ruwan fumfunar da ba a tace ba. Shekara 10 bayan haka, tun kafin maganin ya shiga kasuwa, masana a Oxford suka bayyana wani sinadari da wasu bakteriya suke fitarwa mai lalata fenisilin. A laccarsa ta karɓar kyautar Nobel a 1945, Fleming ya yi gargaɗin cewa idan aka riƙa ba bakteriya maganin da bai kai ya kashe ta ba, to ana koya mata tsira ne, kuma ya hango ranar da kowa zai iya sayen maganin a kanti. A 1961 aka ba da rahoton Sitafilokokas da ta bijire wa metisilin, maganin da aka ƙera musamman domin ita.

Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar fahimta. A yanayi mai kyau wasu bakteriya sukan rabu biyu a kowane minti 20, ta yadda ɗaya za ta haura miliyan 1 cikin awa 7. A irin wannan yawan haihuwa, ba a rasa 'yan ƙalilan da suka fito da wani ɗan sauyi a halittarsu. Wata sauyin nata ya canza wurin da magani yake kamawa, kamar an sauya kwaɗo an bar mutum da tsohon mabuɗi, kuma wannan ce babbar hanyar bijire wa fuluorokwinolon. Wata tana da famfon da yake fitar da magani waje da zarar ya shiga. Wata tana fitar da sinadarin da yake farfasa shi. Idan aka zuba magani, masu rauni sukan mutu, waɗannan ƙalilan su saura, fili ya zama nasu, su hayayyafa. Bugu da ƙari, bakteriya suna iya miƙa wa juna wannan gado, har tsakanin jinsuna daban-daban. Duk wanda ya ga yadda kulorokwin ya daina kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, har Nijeriya ta sauya shi a 2005, ya riga ya ga irin wannan lamari.

Girman matsalar a duniya ya fito a wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022, wanda ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yankin yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen gwargwadon yawan jama'arsa. Nijeriya ta fitar da tsarinta na farko na yaƙi da matsalar a 2017, na biyu kuma a 2024.

A fannin ido ma shaidu sun taru. Wani shirin sa ido da aka fara a Amurka a 2009 ya sami kimanin kashi 1 bisa 3 na Sitafilokokas mai tsanani da aka samo daga idanu tana bijire wa metisilin, kuma irin waɗannan sukan bijire wa wasu magungunan da dama a lokaci guda. Daga samfuran gwajin Madurai da aka ambata a sama, an lura cewa bijirewar Sudomonas ga moksifuloksasin ta ƙaru a cikin 'yan shekarun da aka yi ana gwajin, kuma bakteriyar waɗanda suka riga suka ɗiga irin wannan magani kafin su zo asibiti ta fi wuyar kashewa. A 2023 kuma, wani ruwan ɗigawa na jiƙa ido da ya gurɓata da Sudomonas mai bijire wa kusan dukkan magunguna ya kama mutum 81 a jihohi 18 na Amurka, inda 14 suka rasa gani, aka cire wa 4 ido, 4 kuma suka rasu.

Ya kamata a yi adalci a nan. Maganin da aka ɗiga kai tsaye yana kai wa tantanin ƙarfin da ya zarce wanda jini yake iya ɗauka nesa ba kusa ba, shi ya sa wani lokaci bakteriyar da ɗakin gwaji ya ce ta bijire takan mutu idan an ɗiga yadda ya kamata. Amma bincike ya nuna cewa gwargwadon bijirewarta, gwargwadon girman tabon da take bari da raguwar gani. A sauran sassan jiki jinkirin kwana 3 kafin a dace da magani yana iya zama wahala kawai. A tantanin da kaurinsa rabin milimita ne, kwana 3 suna iya zama bambanci tsakanin gani da hakiya.

Halayen da suke ciyar da matsalar sanannu ne: ɗiga maganin bakteriya ga kowane jan ido, har da afolo wanda bairus ne yake kawo shi; ɗigawa sau ɗaya ko biyu a rana na tsawon makonni; ajiye ragowar kwalba domin wani karo, alhali ƙa'ida ita ce a jefar da ita kwana 28 bayan buɗewa; karɓa-karɓar kwalba ɗaya tsakanin 'yan gida; da kuma jabun magunguna waɗanda sinadarinsu bai cika ba.

6.0 "Magani Bai Yi Ba": Dalilai Uku da Matsalar Kalmomi

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa rashin aikin magani yana da dalilai uku. Na ɗaya, maganin ba na wannan halitta ba ne tun asali, kamar maganin bakteriya a kan fumfuna. Na biyu, maganin daidai ne amma bai isa wurin da ƙarfinsa ba, saboda ƙarancin ɗigawa ko jabu. Na uku, maganin daidai ne, an kuma ɗiga shi daidai, amma bakteriyar ta bijire. Na ukun kaɗai ne bijirewa ta haƙiƙa, sai dai biyun farko su ne suke share mata hanya, domin kowane ɗigon da aka ɓata yana horar da bakteriyar da take zaune a fatar ido da hanci. Mafitar kowane dalili daban ce: a na ɗaya a sauya rukunin magani, a na biyu a gyara yadda ake ɗigawa, a na uku a koma ga sakamakon reno. A nan ne aikin masana harshe ya shigo, ta fuskoki huɗu.

Fuska ta farko ita ce kalmar "ƙwaya". Muna da ƙwayar ido, da ƙwayar cuta, da ƙwayar magani, duka a cikin zance ɗaya. Sa'an nan "ƙwayoyin cuta" ta tattara bakteriya da fumfuna da bairus da amiba a buhu guda. Idan aka fassara antibayotik da "maganin kashe ƙwayoyin cuta", kamar yadda aka saba ji a rediyo, to an gaya wa mai sauraro cewa yana kashe dukkansu, wanda ba haka ba ne. "Maganin bakteriya" ya fi gajarta, ya kuma fi gaskiya. Ita kuwa fumfuna kalma ce ta gida wadda kowace uwargida ta santa, babu buƙatar aro.

Fuska ta biyu ita ce wane ne aikau a cikin jimlar. A "jikina ya saba da maganin", jiki ne aikau. Wannan fahimta ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe 12 a 2015, har da Nijeriya da Sudan, kashi 76 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun ɗauka cewa jikin mutum ne yake bijire wa magani. Kuskuren yana da sakamako a aikace. Wanda ya yarda jikinsa ne ya saba zai hutar da jikin, ko ya nemi "mai ƙarfi" a kemis, kuma ba zai ga abin da ya haɗa matsalarsa da ɗansa ba. Wanda ya san bakteriya ce ta sauya zai gane cewa tana iya tsallakawa zuwa idon wani ta hannu ko tawul ko bakin kwalba.

Fuska ta uku ita ce zaɓen aikatau. Ana jin "juriya", da "turjiya", da "bijirewa", da "gagara". Juriya a Hausa yabo ce, halin jarumi ne, kuma kunne yakan danganta ta ga majinyaci. Gagara ta dace da tsarin jimlar, domin a "cutar ta gagari magani" cuta ce aikau, amma tana ɗauke da ma'anar yanke ƙauna, wadda take iya kore majinyaci daga asibiti zuwa ga ɗiga ruwan ganye ko nonon mace ko ruwan sukari, abubuwan da suke ƙara shigar da ƙwayoyin cuta. Bijirewa ta fi dacewa, da sharaɗin a ambaci mai bijirewar da abin da aka bijire wa: "bakteriyar ta bijire wa wannan maganin, za a sauya wani."

Fuska ta huɗu ita ce rarrabe gyambo da hakiya da yana. Yanar ido tana can ciki, ba ta da zafi, kuma tiyata tana kawar da ita. Hakiya tabo ce a waje, ta riga ta warke, babu ɗigon da yake goge ta. Farin ɗigon da ya zo da ja da zafi kuwa gyambo ne mai rai. Duk wanda ya kira shi hakiya ya riga ya sallama abin da har yanzu ake iya cetowa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa gyambon baƙin ido cututtuka ne iri-iri masu fuska ɗaya, kuma maganin da yake ceto a wani iri yana iya zama banza ko guba a wani. An kuma ga cewa bijirewa hali ne na bakteriya, wanda amfani da magani ba bisa ƙa'ida ba yake ƙarfafawa. Lokaci shi ne jarin majinyaci. A wani bincike da aka yi a gundumar Bhaktapur ta Nefal, aka buga a 2001, kashi 96 cikin 100 na waɗanda suka karce ido aka sa musu man kuloramfenikol na kwana 3 sun warke ba tare da gyambo ba, kuma waɗanda suka zo da wuri su ne suka fi tsira. Wani gwaji mafi girma a ƙasar, na 2022, bai sami raguwar gyambo a matakin ƙauyuka gaba ɗaya ba, abin da yake nuna cewa samar da magani kaɗai bai wadatar ba.

Saƙon da ya kamata ya isa gona da kasuwa gajere ne: idan ido ya karce, a je wurin ma'aikacin lafiya a ranar, idan ja da zafi suka haɗu da farin ɗigo ko raguwar gani, a nufi asibitin ido, kada a ɗiga abin da ba a san sunansa ba. Isar da wannan saƙo cikin kalmomin da ba sa ruɗarwa aiki ne da likita ba zai iya shi kaɗai ba. Zai yi amfani ƙwarai idan masana Yarabanci da Ibo da Fulfulde da Kanuri da sauran harsunanmu suka duba yadda masu magana da su suke gina wannan jimla, su ga wa suke ɗora wa aikin, jiki ko ƙwayar cuta, sa'an nan a zauna da likitocin ido a daidaita kalmomin kafin a buga su a takardun magani da shirye-shiryen rediyo.